Yadda Takardar Gwajin ECG Ke Tona Asirin Rikicewar Bugun Zuciya

Wani malamin makaranta mai shekara 46 ya aiko da tambaya cewa kusan shekara guda ke nan ƙirjinsa kan kama lugude ba zato ba tsammani, wani lokaci yana tsaye a aji, wani lokaci yana kwance da dare, abin ya ɗauki minti 5 zuwa 10 sannan ya tsaya cak kamar an kashe fitila. Sau biyu ana yi masa gwajin ECG, wato gwajin da ke zana tafiyar wutar lantarkin zuciya a kan takarda, ana ce masa sakamakon lafiya lau, yanzu kuma likita ya ce za a rataya masa wata ƙaramar na'ura ya kwana da ita. Yana so ya san yadda zane-zanen da ke kan takarda za su nuna dalilin ciwon, da kuma abin da ya sa gwaji biyu suka kasa ganin abin da shi yake ji a jikinsa.

Malam, zan fara da tambayarka ta biyu domin ita ce mai sauƙin amsawa. Gwajin ECG da ake yi wa mutum yana kwance a gadon asibiti daƙiƙa 10 kacal yake naɗa, wato bugu 12 ko kusa da haka, alhali zuciyar baligi tana bugawa kimanin sau 100,000 a kwana da wuni. Idan lugudenka yana zuwa sau ɗaya a mako ya yi minti 10, sai an yi babbar sa'a zai faɗo daidai cikin waɗannan daƙiƙoƙi. Saboda haka takardun nan biyu ba su ƙaryata ka ba, kuma ba su wanke zuciyarka baki ɗaya ba. Abin da suka shaida shi ne, a lokacin da aka ɗauke su bugun yana kan ƙa'ida. A ganina kuskure ne a sallami mai koke irin naka da kalmar "babu komai" bisa wannan shaida kaɗai, kuma likitanka ya yi daidai da ya nemi a tsawaita sauraro.

Kafin a fahimci abin da zanen ke faɗa, dole a san abin da yake zanawa. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu harba shi zuwa huhu da sauran jiki, kuma babu ɗakin da zai matse sai wutar lantarki ta ratsa tsokarsa. Zuciya da kanta take samar da wannan wuta. A saman ɗakin sama na dama akwai wani ɗan ƙulli na ƙwayoyin halitta da ke kunna wuta sau 60 zuwa 100 a minti, wanda Arthur Keith da Martin Flack suka gano a Ingila a 1907. Shi ne madugun tafiyar, kuma haka zan riƙa kiransa. Daga gare shi wutar takan bazu a ɗakunan sama, sannan ta taru a wata mashiga guda ɗaya tak da ke tsakanin sama da ƙasa, wadda ɗan ƙasar Japan Sunao Tawara ya bayyana a 1906 lokacin da yake aiki a Jamus. A mashigar nan ana tsayar da wutar na kusan daƙiƙa 0.1 domin ɗakunan sama su gama juye jininsu, daga nan ta gangara ta wasu wayoyi biyu na halitta, ɗaya dama ɗaya hagu, ta mamaye ɗakunan ƙasa cikin ƙiftawar ido. Idan madugu ya gaza, mashigar tana iya jan ragama da bugu 40 zuwa 60 a minti, idan ita ma ta gaza sai ɗakunan ƙasa su yi ta kansu da bugu 20 zuwa 40, wanda da ƙyar yake riƙe mutum a tsaye.

Wannan tafiya ce ke fitowa a takarda. Ƙaramin tudu na farko, mai suna P, shi ne wutar ɗakunan sama. Dogon tsinin da ke biye, QRS, shi ne wutar ɗakunan ƙasa. Tudu mai faɗi na ƙarshe, T, shi ne lokacin da ɗakunan ƙasa ke sake ɗura caji domin bugu na gaba. Willem Einthoven na Jami'ar Leiden a ƙasar Holan ne ya raɗa waɗannan haruffa, kuma na'urar da ya ƙera a farkon shekarun 1900 ta kai nauyin kilo 270, mutum biyar ke sarrafa ta, majinyaci kuma yana zaune hannuwansa da ƙafarsa a cikin bokitan ruwan gishiri. Aikin ya samo masa kyautar Nobel a 1924. Na'urar ta ƙanƙance ƙwarai tun daga lokacin, amma haruffansa suna nan yadda ya bar su.

Takardar tana tafiya da saurin milimita 25 a daƙiƙa, don haka kowane ƙaramin gida a jikinta daƙiƙa 0.04 ne, babban gida kuma 0.2. Da waɗannan gidaje muke awo. Daga farkon P zuwa farkon QRS ya kamata a sami daƙiƙa 0.12 zuwa 0.20, shi kuwa QRS bai kamata ya kai faɗin 0.12 ba. Wayoyi 10 da ake manna maka a ƙirji da hannuwa da ƙafafu suna ba da mahanga 12, kamar mutum 12 da suka kewaye filin sukuwa: wanda dokin ya nufo shi zai ga tsinin ya yi sama, wanda dokin ya ba wa baya zai ga ya yi ƙasa. Idan aka haɗa shaidarsu gaba ɗaya sai a san inda dokin ya taso da inda ya dosa, kuma a nan ne gwajin yake tashi daga ƙirga bugu ya koma nuna wurin da matsala take.

Idan aka kawo mini takardar da ta kama rikicin, tambayoyin da nake yi mata ba su da yawa. Ina duba ko tazarar da ke tsakanin tsini da tsini daidai take ko a hargitse. Ina duba ko tsinin siriri ne ko mai faɗi, domin siririn tsini yana nufin wutar ta fito daga sama ta bi wayoyinta na asali, mai faɗi kuwa yana nufin ko dai a ɗakunan ƙasa ta taso, ko kuma ɗaya daga cikin wayoyin ta katse har wutar ta koma rarrafe daga tsoka zuwa tsoka. Sannan ina neman P, in ga ko yana nan, ko siffarsa irin ta madugu ce, da kuma ko kowane P yana da QRS ɗinsa. Abin da ya fi waɗannan duka daraja, idan aka dace da shi, shi ne daƙiƙar da rikicin ya fara da wadda ya ƙare.

Dalilin darajarsu shi ne hanyoyin da bugu ke lalacewa kaɗan ne, kuma kowacce tana da irin shigowarta da fitarta. Akwai saurin da madugu da kansa yake yi saboda zazzaɓi, ko ƙarancin jini, ko tsoro, ko ƙishirwa, ko yawan goro da gahawa. Wannan yakan hau a hankali ya sauka a hankali, P ɗinsa kuma na kullum ne, kuma laifin ba na zuciya ba ne, umarni take bi. Akwai kuma inda wani gungu na ƙwayoyin tsoka ke yi wa madugu tawaye ya fara kunna tasa wutar, sai a ga P mai baƙuwar siffa, ko tsini mai faɗi da ya riga lokacinsa sannan ɗan shiru ya biyo baya. Wannan shirun da bugu mai ƙarfi da ke bin sa su ne mutane suke kira faɗuwar gaba, kuma yawancinsu ba su da illa a zuciyar da tsokarta ke da lafiya, sai dai idan suka yawaita har suka haura kashi 10 cikin 100 na bugun yini suna iya raunana ta a hankali.

Hanya ta uku ita ce zan daɗe a kanta, domin bayaninka ya fi kama da ita. Tsokar zuciya tana da wata ɗabi'a irin ta ciyawar da wuta ta ci: inda wutar ta wuce ba ya sake kamawa nan take, sai ya huta na ɗan lokaci. Wannan ne ya sa kowane bugu yake mutuwa da kansa idan ya gama ratsa zuciyar, domin duk inda ya juya sai ya tarar da toka. To amma a ce akwai hanyoyi biyu da suka haɗu a sama suka haɗu a ƙasa, ɗaya mai sauri amma mai daɗewa kafin ta farfaɗo, ɗayar mai nawa amma mai saurin farfaɗowa. Wata rana sai wani bugu ya zo da wuri, ya tarar mai saurin ba ta gama hutawa ba, ya bi ta mai nawan, kafin ya isa ƙasa kuwa mai saurin ta farfaɗo, sai ya juyo ta cikinta ya koma sama, ya sake gangarowa. Daga nan wutar ta shiga shataletale, tana zagayawa sau 150 zuwa 250 a minti, kuma kowane zagaye bugu ne. Bugu ɗaya ke kunna ta, bugu ɗaya ke kashe ta, shi ya sa mai ita yake cewa kamar an danna makunni. A takarda za a ga siraran tsini a jere daidai wa daida, P ya ɓuya a cikin QRS ko ya maƙale a bayansa, kuma idan an kama farkon abin za a ga bugun da ya riga lokaci tare da tazarar P zuwa QRS da ta yi tsalle ta tsawaita, alamar wutar ta sauya hanya. Mafi yawan irin wannan a cikin mashigar tsakiya kanta yake faruwa, masu shi kuma sukan ji jijiyar wuyansu tana bugawa, wasu su yi ta fitsari bayan abin ya lafa.

Wani lokaci ɗaya daga cikin hanyoyi biyun na shataletalen wata ƙarin waya ce da aka haifi mutum da ita, wadda ta haɗa sama da ƙasa ta bayan fage ba tare da ta bi mashigar ba. Louis Wolff da John Parkinson da Paul Dudley White sun bayyana wannan a 1930 a jikin mutum 11, yawancinsu matasa masu lafiya, kuma ciwon yana ɗauke da sunayensu har yau. A nan ne takardunka biyu na "lafiya lau" za su yi amfani, domin wannan waya takan bar sawunta ko da babu lugude: tazarar P zuwa QRS takan gaza 0.12, ƙafar tsinin kuma takan fara hawa a karkace maimakon ta miƙe tsaye. Ya dace wanda ya ƙware ya sake duba su da wannan a ransa. Sanin hakan yana sauya magani kai tsaye, domin wasu magungunan da ke rage gudun mashigar, irin su digoksin da berafamil, suna iya zama haɗari ga mai ƙarin waya idan ɗakunan samansa suka shiga karkarwa, wato wutarsu ta tarwatse suka daina matsewa a tsare, saboda sukan tura wutar duka ta bi ta hanyar da ba ta da birki.

Shataletalen yana iya zama babba. Idan ya kewaye ɗakin sama na dama yakan yi zagaye kimanin 300 a minti, sai layin takardar ya koma kamar haƙoran zarto, mashigar kuma ta bar ɗaya cikin biyu ya wuce. Shi ya sa duk lokacin da muka ga bugu ya kafe a kan 150 ba ya gaba ba ya baya, sai mu nemi haƙoran zarton ko da ba su fito fili ba. Idan kuwa wutar ɗakunan sama ta tarwatse gaba ɗaya, kowane lungu yana kiɗansa, to an shiga abin da likitoci ke taƙaitawa da AF, wato karkarwar ɗakunan sama: babu P ko ɗaya, tazarar tsini kuma ba ta bin kowane tsari. Wannan shi ne ya fi yawa a cikin rikice-rikicen bugu masu ɗorewa, kuma haɗarinsa ya wuce lugude, domin ɗakin da ke karkarwa ba ya juye jininsa sosai, jinin yakan daskare, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, har haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ninka kusan sau 5. An daɗe ana ɗaukar sa a matsayin hargitsi marar tushe, sai a 1998 Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a birnin Bordeaux na Faransa suka zura wayoyi cikin zukatan majinyata 45 suka bi sawun bugun farko da ke tayar da shi, suka tarar kashi 94 cikin 100 na wuraren da ke kunna shi suna cikin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu. Aikin ƙone kewayen bakin waɗannan jijiyoyi da ake yi a faɗin duniya yau daga wannan bin sawu ya samo asali.

Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne gudu mai faɗin tsini. Ga mutumin da ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, ko wanda tsokar zuciyarsa ta raunana, muna ɗaukar irin wannan a matsayin gudun ɗakunan ƙasa har sai an tabbatar da akasin haka, domin tabon da ciwon ya bari yakan zama dutsen da wutar ke kewayawa. Siffar tsinin a mahanga 12 takan nuna ɓangaren da ya taso, kuma bambancin yana da girma: wanda ya taso daga mafitar ɗakin ƙasa na dama a zuciya mai lafiya yawanci mai sauƙi ne, wanda ya taso daga tabo kuwa yana iya zarcewa zuwa tsayawar zuciya. Ta ɓangaren jinkiri kuma, takan yiwu madugu ya tsufa ya riƙa yin shiru, ko mashigar ta riƙa riƙe wuta. Idan tazarar P zuwa QRS tana ƙaruwa bugu bayan bugu har wani ya faɗi, matsalar galibi a mashigar take kuma ba ta cika tsananta ba. Idan kuwa bugu ya faɗi kwatsam ba tare da wannan gargaɗi ba, to wayoyin ƙasa ne suka lalace, kuma mai shi yakan buƙaci a dasa masa batirin zuciya. Abin sha'awa, Karel Wenckebach ya gano nau'in farko a 1899 ta hanyar auna bugun jijiya kawai, tun kafin na'urar ECG ta shiga asibitoci, wanda ke nuna cewa jigon wannan fanni shi ne kiyaye lokaci da haƙuri.

Duk abin da na faɗa zuwa nan yana amsa tambayar "a ina" da "ta yaya". Tambayar "me ya sa" takan buƙaci a ɗaga kai daga takardar, ko da yake wani lokaci ita ce ke nuna inda za a duba. Idan sinadarin fotasiyam ya yi yawa a jini, kamar yadda yake faruwa ga masu ciwon ƙoda, T yakan yi tsini kamar tanti, P ya dushe, QRS ya buɗe. Idan ya yi ƙaranci saboda gudawa ko amai ko maganin sa fitsari, T yakan kwanta wani ƙaramin tudu ya ɓullo a bayansa. Akwai kuma tazarar da ke tsakanin farkon QRS da ƙarshen T, wadda ake kira QT. Idan aka daidaita ta da saurin bugu aka ga ta haura daƙiƙa 0.50, zuciya tana cikin haɗarin wani mugun gudu mai murɗewa wanda François Dessertenne ya bayyana a Faris a 1966. Magunguna da yawa suna tsawaita ta, ciki har da kwinin da kulorokwin da halofantirin na zazzaɓin cizon sauro, da eritiromaisin, da haloferidol na masu taɓin hankali. A wurinmu, inda mutum zai shiga kemis ya haɗo magani uku ko huɗu ba tare da takardar likita ba, alhali yana amai ya zubar da gishirin jikinsa, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma shi ya sa nake roƙon majinyaci ya zo da ledar magungunansa gaba ɗaya, har da na gargajiya.

Wasu kuma gadon abin suke yi. A 1957 Anton Jervell da Fred Lange-Nielsen sun ba da labarin wani gida a ƙasar Norway inda yara huɗu kurame suke da doguwar QT suna yawan suma, uku daga cikinsu suka mutu farat ɗaya. A 1992 'yan'uwa biyu, Pedro da Josep Brugada, suka bayyana wata siffa ta daban da ke fitowa a wayoyin ƙirji na dama, wadda takan ɓuya ta bayyana, zazzaɓi kuma yakan fito da ita. Daga baya aka danganta ta da mutuwar samari cikin barci da aka daɗe da sani a Tailan da Filifin. Irin waɗannan zukata hotonsu lafiya lau yake fitowa, a wutar kaɗai aibin yake. Wannan ne ya sa nake tambayar kowane mai lugude ko akwai wanda ya yanke jiki ya mutu a danginsu yana ƙasa da shekara 40, ko wanda ake ce wa mai farfaɗiya amma magani bai taɓa yi masa aiki ba.

A asibitocinmu na Arewa, abin da ya fi yawan kwanciya a ƙarƙashin rikicewar bugu shi ne hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba, wanda ke kauraro tsokar ɗakin ƙasa ya buɗa ɗakin sama na hagu. Bayansa akwai lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, wanda ke sa a ga karkarwar ɗakunan sama a jikin 'yar shekara 25, abin da a Turai ciwon tsofaffi ne. Akwai raunin zuciya na masu jego, wanda wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi nazari mai zurfi a kansa a Zariya cikin shekarun 1970 suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan ruwan zafi, binciken da aka yi daga baya a Yamai da Kano kuma ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jikin da yawa daga cikin matan. Akwai kuma ƙwayar maƙoshi, wato wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, idan tana aiki fiye da kima. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ECG zai tabbatar shi kaɗai, don haka cikakken bincikenka zai haɗa da awon jini, da gwajin fotasiyam da ƙoda da maƙoshi, da hoton zuciya na eko.

Na'urar da za a rataya maka sunanta Holter, daga Norman Holter na garin Helena a jihar Montana ta Amurka, wanda samfurinsa na farko a ƙarshen shekarun 1940 jaka ce ta goyo mai nauyin kilo 38. Ta yau ba ta kai wayar hannu ba, tana naɗar kowane bugu na awa 24 ko 48. Sai dai ka sani, idan lugudenka na mako-mako ne tana iya dawowa babu komai, kuma hakan bai rufe magana ba. Ƙa'idar ita ce a daidaita tsawon sauraro da yawan zuwan ciwon: akwai faci mai mannewa a ƙirji na mako biyu, akwai na'urar da mutum ke dannawa idan abin ya taso, akwai kuma wadda ake dasawa ƙarƙashin fata ta yi kusan shekara 3. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan mutum 441 da suka sami shanyewar jiki ba a san dalili ba ya nuna cewa cikin wata 6 na'urar da aka dasa ta kama AF a jikin kashi 8.9 cikin 100, bibiyar da aka saba yi kuwa kashi 1.4 kawai ta kama. Agogon hannu na zamani ma yana taimakawa, amma ishara yake yi, ba ya yanke hukunci. A binciken da Jami'ar Stanford ta yi da agogon Apple, wanda aka buga a 2019, mutum sama da 419,000 suka shiga, kashi 0.52 cikin 100 suka sami gargaɗi, kuma daga cikin waɗanda aka bi su da facin ECG kashi 34 cikin 100 ne aka tarar da AF.

Haka nan rubutun da na'urar asibiti ke bugawa da kanta a saman takarda, ban yarda a ɗora magani a kansa ba sai ido ya duba. Rawar jiki, da gumi da ke sassauta manne, da musayar wayar hannun dama da ta hagu, da kutsen wutar gida, duk suna iya ƙirƙiro ciwon da babu shi. Ga kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye: samarin baƙar fata masu lafiya, musamman 'yan wasa, sukan nuna dogayen tsini da T mai kifewa a wayoyin ƙirji na gaba, kuma wanda bai san wannan ba zai iya tsorata su a banza. Ko abin da aka gani na gaskiya ne, ba kowanne ake bi da magani ba. A shekarun 1980 likitoci sun yi imani cewa danne ƙarin bugun ɗakunan ƙasa ga waɗanda suka yi toshewar jijiyar zuciya zai ceci rayuka, har binciken CAST ya fito a 1989 ya nuna cewa magungunan enkainid da filekainid sun gyara zanen takardar ƙwarai, amma kashi 7.7 cikin 100 na masu shan su sun mutu, a kan kashi 3.0 na waɗanda aka ba ƙwayar da ba ta da magani. Tun daga nan muka daina gaggawar goge duk wani karkataccen layi.

Game da kai, ba zan sa wa ciwonka suna daga nesa ba, amma farawa da tsayawa farat ɗaya sun fi nuni ga shataletalen wuta a sama, wanda idan aka tabbatar da shi yana cikin masu kyakkyawan ƙarshe. Ana iya katse shi da yunƙuri na musamman da likita zai koya maka, ko da allurar adinosin a asibiti, kuma idan ya dame ka ana zura siraran wayoyi ta jijiyar cinya a auna wutar daga cikin zuciya, a gano hanyar mai nawa a ƙone ta, aikin da nasararsa ta haura kashi 95 cikin 100 a nau'in da ke cikin mashigar tsakiya. Ranar da aka rataya maka na'urar kada ka kwanta a gida kana lallaɓa jiki. Ka je aji, ka hau bene, ka ci goronka idan ka saba, ka riƙe takarda kana rubuta ainihin mintin da ka ji wani abu da abin da kake yi a lokacin, domin da wannan rubutu za a gwama naɗin. Idan luguden ya zo bayan an cire ta, ka ƙirga bugun wuyan hannunka na daƙiƙa 30 ka ninka biyu, ka lura ko a jere yake ko a hargitse, kuma idan akwai wurin gwaji kusa ka je a ɗauka yana cikin yi. Idan kuwa ya zo da suma, ko ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, kada ka jira ranar ganin likita, a kai ka sashen gaggawa nan take. Takardunka biyu na baya kuma ka ɗauke su hoto da waya tun yau, ka tabbata mahanga 12 da kwanan wata sun fito sarai, domin irin takardar da na'urar ke amfani da ita zafi ne ke rubutu a kanta, kuma a yanayinmu takan koɗe cikin 'yan watanni, alhali da ita za a kwatanta duk wadda za a ɗauka nan gaba.